Cocin Da Na Auna Daga Jidda

Sati uku da saukata Jidda aka miƙo mini iƙamata, wato katin izinin zama da aiki, kuma a ranar na tabbatar an cuce ni. Takardar da na sa wa hannu a Kano ta ce mai zanen gine-gine ake nema. Katin da ke hannuna kuwa, da wani ɗan Sudan ya karanta mini Larabcin da ke jiki, cewa ya yi lebura. Na ce masa kuskure aka yi. Ya dube ni da tausayi, ya ce shi ma malamin lissafi ne a ƙasarsu, ga shi nan da shebur a kafaɗa. Na kira dillalin da ya haɗa ni da aikin, waya ta yi ta kuka har ta gaji. Washegari layin ya daina shiga gaba ɗaya.

Sunana Habibu, ɗan cikin birnin Zariya. Zanen gini na karanta, amma tun kafin boko na san gini, domin kakana maginin ƙasa ne, irin masu ɗaure soro da baka, wato bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti. A gidansa na tashi, ina ganin yadda yake shafa bango da tafin hannu kamar mai duba mara lafiya. Saboda haka ko da aka tura ni wani dogon bene ina ɗaukar tayil daga ƙasa zuwa hawa na shida, ban taɓa shakkar abin da na sani ba. Na dai san an ajiye ni inda ba wurina ba ne.

A unguwar Sharafiyya aka ba mu ɗaki, mu takwas, da na'urar sanyi ɗaya mai ɗigar ruwa a kan katifar wanda ya zo ƙarshe. Ni ne na zo ƙarshe. Fasfona yana hannun kafili, ubangidan da na shigo ƙasar da sunansa, mutumin da sau ɗaya na taɓa ganinsa, shi ma ta gilashin mota. Zafin Jidda kuma ba irin na gida ba ne. Na gida gasa mutum yake yi, wannan kuwa turara shi yake kamar dambu a madambaci. Kafin hantsi rigarka ta jiƙe, kafin azahar takalminka ma ya jiƙe.

Wata rana na lura matattakalar benen da ake kafawa ba za ta haɗu da hawa na uku daidai ba. Na zana wa mai kula da mu gyaran a bayan buhun siminti. Ya karɓa, ya kai wa injiniya a matsayin nasa, ya dawo ya ce da ni, "Yalla, maza, tayil yana jiranka." Ban ji zafi sosai ba. Matattakalar dai ta haɗu, kuma na san wanda ya haɗa ta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne gida. Na baro matata Rahina da ciki, ta haihu ina wata na biyar. Ranar suna ina zaune a kan bulo lokacin hutun rana, waya a kunne, ina jin hayaniyar gidanmu da muryar ƙanen babana yana raɗa wa yarinyar suna Safiya. Da na kashe wayar na kasa tashi. Wani Bayamane mai sayar da wake da gurasa a bakin layin ya ga halin da nake ciki, ya tambaye ni da hannu ko mutuwa aka yi. Na ce haihuwa. Ya yi dariya har haƙoransa suka fito, ya zuba mini wake da man zaitun, ya ɗora gurasa mai zafi biyu, ya ƙi karɓar komai. Wannan ce walimar sunan 'yata.

Ranar Juma'a kaɗai muke hutu. Nakan sauka unguwar Bab Makka bayan masallaci, don a nan ne mutum zai ji Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, ya kuma sami tuwo da miyar kuka a wajen matan da ke sayarwa a lungu. Daga nan sai in kutsa cikin tsohon gari in zauna ina zana gidajen da aka gina da dutsen teku, masu tagogin katako da aka sassaƙa kamar saƙar hula. Ba don kowa nake yi ba, don kada hannuna ya manta ne.

Ina cikin zane wata Juma'a, a bayan wani kwali, na ji an ce, "Kai ɗan samari, ka manta katakon da ke ratsa bangon. Duba da kyau, bayan kowane layi biyar ko shida na dutse akwai shi."

Na ɗaga kai na ga wani dattijo siriri, da awon tela a wuya, da tabarau a ƙarshen hanci. Na duba bangon, na ga gaskiyarsa. Na gaishe shi, ya amsa da Hausa mai ƙamshin Larabci, ya ja ni shagonsa shan shayi. Shi ne Baba Inuwa. Iyayensa sun kawo shi aikin hajji yana ɗan shekara shida, ba su koma ba, ya girma a Jidda ya tsufa a kan keken ɗinki. Garinsu a wajen Haɗeja yake, amma abin da ya iya tunawa kawai shi ne wata bishiyar tsamiya da ƙarar kwaɗi.

Na ba shi labarina. Bai yi mamaki ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya juya kwalin nan a hannunsa ya ce, "Ya waladi, ɗana, wanda ya zana wannan ba lebura ba ne, ko me katinsa ya ce. Bar mini shi."

Ya maƙala kwalin a bango, sama da kekensa. Wata uku yana nan yana shan ƙura. Sai ranar nan ya kira ni ya ce wani injiniya da yake yi wa ɗinki, Muhandis Wa'il, ya tsaya ya daɗe yana kallon zanen, ya tambayi mai shi. Yana da ƙaramin ofis a unguwar Ruwais, kuma yana neman ma'aikaci. Sai da na cika shekara a wajen kafilina na farko kafin a yarda in koma wani, da zirga-zirga da wulaƙancin da ba zan so in tuna ba. Baba Inuwa ne ya riƙa raka ni, yana yi mini tafinta, yana saya mini ruwan sanyi idan layi ya yi tsawo.

Ofishin Wa'il ɗaki biyu ne a saman wani shago, idan ka leƙa taga kana jin warin teku. Shi ɗan Jidda ne, bai kai arba'in ba, mai saurin magana da saurin tsorata. Ya bayyana mini aikin. A ƙasashen waje akwai wata na'ura da ake kafawa a cikin gini, ta riƙa juyawa tana harba haske, tana auna kowane lungu. Abin da take fitarwa ɗigo-ɗigo ne ba iyaka, kamar an watsa gero a iska ya tsaya da siffar ginin. Su turo mana, mu kuma mu bi ɗigon nan mu mayar da shi zane mai awo wanda magina za su iya aiki da shi.

"Wata uku na gwaji," in ji shi. "Ka yi kyau, in gyara maka iƙama. Ka yi shirme, halas, shi ke nan, sai jirgi."

Sannan ya buɗe mini aikin da sauran ma'aikatansa biyu suka yi ta turawa juna. Na ga wani dogon gini mai hasumiya, da kaburbura kewaye da shi. Ya ce coci ne, a wani ƙauye a gabashin Ingila, ya haura shekara ɗari takwas. Babu bango ɗaya miƙaƙƙe a cikinsa, shi ya sa kowa ke gudunsa.

Na tsaya ina kallon hasumiyar. Ga ni tafiyar sa'a ɗaya daga Ka'aba, aikina na farko kuma coci. Na kai wa Baba Inuwa maganar. Ya ce shi tela ne, ba malami ba, amma ya tambaye ni, "Sabo za su gina, ko na da ne suke tsoron ya faɗo wa mutane a ka?" Na ce na da ne, ni awo kawai zan yi. Ya tura ni wajen limamin unguwarsu. Limamin ya saurare ni da kyau, ya ce malamai sun yi magana mabambanciya, amma gina wurin bauta daban, auna tsohon gini don kare ran mutane daban, in yi istihara in bi abin da zuciyata ta natsu da shi. Na yi, na karɓi aikin. Ba kowa ya yarda da ni ba. Wani abokin zamana a Sharafiyya ya daina cin abinci kwano ɗaya da ni, kuma ban ga laifinsa ba.

Mai aikin a can wata dattijuwa ce, Madam Helen, wadda ta ƙare rayuwarta a gyaran tsofaffin coci-coci. Ta aiko da ɗigon, da bayanai, da wani tsohon zane da wanda ta gada ya yi da hannu shekara talatin da suka wuce, da igiya da dalma. Duk Litinin mukan yi magana ta kwamfuta. Da ta ga tambayoyina sun wuce na awo, sai ta saki jiki tana ba ni labari, ni kuma ina bin bangon ina ganin abin da take faɗa.

Ashe ba gini ɗaya ba ne, gine-gine ne a kan juna. Mafi tsufa shi ne bangon arewa, kauri kamar ganuwa, da 'yan tagogi ƙanana da ko kan mutum ba zai shiga ba. Ƙofarsa tana da baka mai zagaye kamar rabin faifai, an sassaƙa masa ado irin haƙoran zarto. Ta ce wannan aikin mutanen da suka ƙetaro teku daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi ne. Yankin ba shi da dutsen sassaƙa, sai wasu ƙananan duwatsu baƙaƙe masu ƙyalli irin na ƙyastu, waɗanda manoma ke tsinta a gona. Da su aka cika bango, da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Dutsen kirki kuwa daga nesa aka kawo shi ta ruwa, aka adana shi don kusurwa da ƙofa da taga.

Ginin gabas yake fuskanta, abin da ya ba ni mamaki, don mu ma gabas muke kallo, a Zariya da Jidda duka. Kashi biyu ne: babban zaure na jama'a, da ƙaramin ɗaki a gabas inda limaminsu ke tsayawa. A da, in ji ta, gyaran zaure na mutanen gari ne, gyaran ɗakin gabas na limami. Shi ya sa ba su taɓa dacewa ba. Zauren ya yi ta girma yana ado, ɗakin gabas yana nan a tsuke, har ma ya ɗan karkace daga layin zauren. A wannan zauren ake kawo jariri, a ɗaura aure, a yi wa gawa addu'a, a yi shawarar gari. Dutsen bakin ƙofa ya lotsa a tsakiya kamar turmi saboda sawun mutane.

Da ƙauyen ya cika, sai suka fasa bangon kudu suka ƙara rumfa, suka tsayar da ginshiƙai huɗu a inda bangon yake, suka ɗaure su da baka. Amma wannan karon bakan mai tsini ne a sama, kamar an haɗa tafin hannu biyu, domin magina sun gano ya fi ɗaukar nauyi, ya kuma bar wuri ga manyan tagogi. Na lura ginshiƙai biyu na gabas an sassaƙa musu ganyaye a ka, har da wani ɗan tsuntsu yana cin 'ya'yan itace, amma biyun yamma lami suke, aikin gaggawa. Na tambaye ta dalili.

"Annoba," ta ce. "Ta zo ana tsakiyar aiki. Babu takardar da ta faɗa, amma ina jin mai sassaƙar bai kai ga na uku ba."

Na daɗe ina kallon tsuntsun nan. Kowane magini yana da 'yar alamarsa da yake karcewa a dutsen da ya gyara. Mai tsuntsun alamarsa kibiya ce. Na bi ta dutse bayan dutse, har inda ta tsaya a rabin baka na biyu, ba ta sake fitowa ba.

Hasumiyar ita ce auta. Bayan annoba ƙauyen ya yi arzikin ulun tumaki, fatake suka zuba dukiya suka ɗaga ta don a hango ta daga nesa, har da rago a sassaƙe a saman ƙofarta. Daga baya rikicin addini ya tashi a tsakaninsu, aka farfasa gumaka, aka shafe zanen bango da farar ƙasa. Guraben gumakan suna nan fayau. Can kuma a zamanin kakannin Madam Helen wasu masu kyakkyawar niyya suka bi bangon kudu ta waje suka like shi da siminti. Idan ta zo nan a labari sai ta yi tsaki irin nasu.

A sati na shida na iso baka na uku. Ina bin layinsa sai na ga ɗigon ya rabu a can ƙololuwa, wata siririyar tsaga, buɗe ta ƙasa, tsuke ta sama. Na auna ginshiƙin da ke ƙarƙashinsa, na ga ya jingina waje. Tsohon gini ya jingina ba labari ba ne. Amma da na ɗora awona a kan tsohon zanen nan na hannu, sauran ginshiƙai uku suna inda aka bar su, wannan kaɗai ya ƙara kusan faɗin yatsu uku. Na hau sama cikin ɗigon na duba gungumen katakon da ya ratsa zauren yana riƙe bango biyu. Bakinsa na kudu ya zame daga gurbinsa, har akwai rata.

Kakana yakan ce idan baka ya buɗe baki ta ƙasa, kada ka tsaya kallon bakin, ƙafafunsa ne ke gudu. Na san abin da nake gani.

Na kira Wa'il na nuna masa. Ya duba agogo kafin ya duba kwamfuta.

"Ya Habib, zane aka ce mu yi. Mu ba likitocin gini ba ne. Ja layinka miƙe, ka rufe wannan 'yar ratar, mu aika ranar Talata."

"Muhandis, idan na ja shi miƙe na yi ƙarya. Mutane suna zama a ƙarƙashinsa."

"Shekara ɗari takwas yana tsaye. Kai da ko Ingila ba ka taɓa zuwa ba za ka gaya musu cocinsu zai faɗi? Idan na'urar ce ta yi kuskure fa? Idan tsohon zanen ne ba daidai ba? Su yi mana dariya, su ɗauke aikinsu, su gaya wa kowa. Madam Helen kaɗai ce ƙofata a Ingila."

Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, kuma tsoronsa yana da hujja. Ni ma ina da nawa. Saura sati shida gwajina ya ƙare, kuma na san abin da komawa gida hannu rabbana yake nufi. Amma ban fasa ba. Na sauka shagon ƙasa na sayo sabulun wanki sanda uku, na ari wuƙa, na yanka shi gida tara kamar yadda ake yanka dutsen baka. Na jera su tsakanin manyan littattafai biyu a kan teburinsa, bakan ya tsaya da kansa. Sauran ma'aikatan suka taso suna kallo.

"Ja wannan littafin baya kaɗan, Muhandis. Kaɗan kawai."

Ya ja. Ƙololuwar ta sauko, ta buɗe baki ta ƙasa, daidai da abin da ke kan kwamfuta. Ya dubi sabulun, ya dubi kwamfutar. Ya ƙara ja ba tare da na ce masa ba, sai duk abin ya zube, wani yanki ya faɗa cikin shayinsa.

Ya tsamo sabulun daga cikin shayin. Sannan ya ce, "Aika. Amma da sunanka, ba da nawa ba. Idan ka yi kuskure kai ka yi."

Na ce na yarda. Na zana bangon yadda yake, na yi wa wurin jan da'ira, na rubuta mata abin da na gani da abin da nake zato a layi biyar, na aika ranar Talata.

Laraba shiru. Alhamis shiru. Wa'il ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Ranar Juma'a na je wajen Baba Inuwa na kasa cin tuwon da ya aika aka sayo mini. Ya ce, "Awonka daidai ne?" Na ce daidai ne. Ya ce, "To ci abincinka. Tela idan ya auna sau biyu ya yanka, ba ya kwana yana tambayar almakashi."

Ranar Lahadi wajen azahar kwamfutar Wa'il ta yi ƙara. Madam Helen ce, amma ba a ofishinta ba. Tana tsaye cikin rigar ruwa, gashinta a jiƙe, waya a hannu. Ta ce ina Habibu. Ta ce ta yi tafiya ne, sai Juma'a ta ga saƙona. Asabar da sassafe ta tuƙa mota ta je, ta sa aka kafa tsani, ta hau da kanta duk da shekarunta, ta cusa hannu a bakin gungumen. Hannunta ya shige har wuyan hannu. Katakon ya ruɓe ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Indararon da ke saman wurin ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsaye, ruwa ya yi shekaru yana tsiyaya cikin bango, simintin waje kuma ya hana shi fita. Nan take ta sa aka ɗaure wannan ɓangaren da igiya, aka kira masu tokare gini.

"Wa ya koya maka karanta baka?" ta tambaya.

Na ce kakana, wanda bai taɓa shiga aji ba, kuma da ƙasa yake gini. Ta ce in aiko mata hoton aikinsa, tana so ta gani. Wa'il yana gefena yana ta cewa masha Allah, yana dafa kafaɗata kamar shi ya haife ni.

Sai ta juya wayar don in ga wurin. Kusan wata biyu ina yawo a cikin ginin nan ta kwamfuta, na san kowane dutse, amma a toka-toka na san shi. Ban san tagoginsa masu launi ba ne, don na'urar ba ta kama gilashi. Rana ta ɗan leƙo bayan ruwa, ja da shuɗi suka zubo a kan daɓen da na auna. Na matso kusa da kwamfutar ina kallo.

Wani tsoho ya matso cikin hoton, da sanda, da kwat mai ruwan ƙasa. Ta ce sunansa Mista Arthur, kuma kujerarsa tana daidai ƙarƙashin baka na uku, shekara da shekaru. Ya cire hularsa ya gaishe ni. Ya ce matarsa tana kwance a bayan wannan bangon ta waje, shi ya sa yake zama a nan, don nan ne mafi kusa da ita. Yanzu an kore shi zuwa ɓangaren arewa na cocin, cikin mutanen da ba ya shiri da su.

"Yaushe zan koma wurina, saurayi?"

Na ce idan za su cire simintin, su bar bangon ya bushe, su mayar da farar ƙasa yadda masu ginin suka yi, sai an yi shekara.

"Shekarata tamanin da uku," ya ce. "Ka gaya musu su yi sauri."

Na ce, "Baba, farar ƙasa ba ta jin sauri. Sai dai kai ka yi haƙuri ka jira ta."

Ya yi dariya har da tari, ya ce zai gwada.

Kafin gwajina ya ƙare Wa'il ya cika alkawari, aka gyara mini takarduna, na ɗauki ɗaki ni kaɗai a Ruwais. Madam Helen ta turo mana wasu coci-coci uku, ta ce ni take so in yi su. Daga baya, da wasiƙar da ta rubuta a kaina, ofishinmu ya sami aikin auna wasu gidajen dutsen teku a tsohon garin Jidda, waɗanda su ma siminti ya shaƙe su. Na je hutu Zariya, na ɗauki Safiya, ta yi ta kuka don ba ta san ni ba, sai kwana na huɗu ta yarda ta kama yatsana.

Bayan wata goma sha huɗu saƙo ya shigo wayata ina shagon Baba Inuwa, ranar wata Juma'a. Hoto ne. An kwashe ƙarafan tokare, bakan ya rufe bakinsa, sabon katako fari yana zaune a gurbinsa. Ga Mista Arthur a kujerarsa, jingine da ginshiƙi na uku, sanda tsakanin gwiwoyi, yana kallon mai ɗaukar hoton kamar wanda ya ci shari'a.

Na miƙa wa Baba Inuwa. Ya gyara tabarau, ya kawo wayar kusa da hancinsa. Na ɗauka bakan zai yaba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"Tsohon nan ya rame. Dubi kafaɗar kwat ɗinsa, ta zubo. Ba shi da mai gyara masa ne?"

Na ce matarsa ta rasu, ban san ko yana da kowa ba.

Ya tashi ya jawo wani yadin ulu mai kauri daga can saman kanta, wanda ya ce ya yi shekaru ba mai saya don Jidda ba ta san sanyi ba. Ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki alli.

"Tambayo mini awonsa wajen matar nan."

Na sake duba hoton. Kafaɗarsa tana manne da ginshiƙin, ginshiƙin kuwa na san faɗinsa kamar yadda na san sunana. Na ce, "Baba, ba sai na tambaya ba. Ba ni takarda."

Na lissafa kafaɗa, da tsawon hannu, da tsayin baya, na miƙa masa. Ya karanta, ya ƙara yatsa ɗaya a ƙirji saboda rigar ciki, ya ɗora alli a kan yadin ya fara ja.